Ciwon Diddige: Dalilinsa da Yadda Ake Samun Sauƙinsa

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, maza da mata, darasinmu na wannan fitowa a kan ciwon diddige yake. Diddige shi ne dunduniya, wato bayan tafin ƙafa, inda nauyin mutum ke fara sauka in ya yi taku.

Akwai wani ciwo da ke kama ƙarƙashin diddige ba tare da rauni ba. In an duba ƙafar ba a ganin ƙaya, ba a ganin kumburi, ba a ganin jini. Amma da asuba, in mutum ya tashi daga shimfiɗa ya taka ƙasa, sai ya ji kamar an kafa masa ƙusa. Da ɗingishi yake kaiwa bakin ƙofa. In ya ɗan zagaya cikin gida, zafin ya lafa. Da maraice, bayan aikin yini, ciwon ya dawo. Gobe haka, jibi haka, har wata da watanni.

Ciwon nan ba ya kisa, amma yana iya rage abin da ke shiga rumbu. A ƙasar Kurfai ƙafa ce jarin talaka. Da ita ake zuwa gona, da ita ake zuwa rijiya, da ita ake cin kasuwar Filinge ran Lahadi. In ruwan shuka ya sauka, kwana biyu ko uku kawai ƙasa take riƙe laima. Mai sungumi yana gaba yana sara, mai iri yana biye yana zubawa, yana rufe kowane rami da ƙafa. Wanda diddigensa ya ƙi taka ƙasa a waɗannan kwanaki, shukarsa ta makara. Kowa kuwa ya san abin da makararriyar shuka take haifarwa.

Likitoci sun san ciwon nan sarai. Da Faransanci suna ce masa fasciite plantaire. Sun lissafa cewa kusan mutum 1 cikin 10 yakan gamu da shi a rayuwarsa, kuma ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60. Kusan 9 cikin 10 na masu ciwon suna samun sauƙi cikin shekara guda, ba tare da tiyata ba. Mafi yawan maganin a hannun mai ciwon yake, kuma ba ya cin ko dala.

YADDA ƘAFA TAKE

A cikin kowace ƙafa, daga idon sawu zuwa yatsu, akwai ƙasusuwa 26. An jera su a tanƙware kamar bakan maharbi. Shi ya sa in ka taka ƙasa mai laima, tsakiyar sawunka ba ya fitowa duka.

Kowane baka yana da tsirkiya. Tsirkiyar ƙafa wata jijiya ce mai faɗi da kauri, wadda ta taso daga ƙashin diddige, ta bi ƙarƙashin tafin ƙafa, ta rarrabu zuwa gindin yatsu biyar. Kana iya jin ta da hannunka. Ka zauna, ka ja babban yatsan ƙafarka sama, ka shafa tsakiyar tafin ƙafar. Za ka ji wani abu ya miƙe kamar igiyar guga. Ita ke nan.

Duk takun da mutum ya yi, nauyin jikinsa yana danne bakan, tsirkiyar tana miƙewa, sa'an nan ta koma. A tafiyar kilomita 1 mutum yakan yi taku kusan 1300 ko fiye. Wanda gonarsa take da nisan kilomita 5, zuwa da dawowa kaɗai ya yi taku fiye da dubu 13, tun ba a lissafa na cikin gona ba.

In aikin ya fi ƙarfin jijiyar, sai ta fara sassaɓewa daidai inda take manne da ƙashin diddige, kamar yadda igiyar guga ke fara cinyewa a wurin ƙulli. Jiki yana ƙoƙarin gyara wurin, amma kafin gyaran ya kama an sake ɗora masa nauyi. Daga nan ciwo ya zauna.

Me ya sa ya fi zafi da asuba? In mutum yana barci, ƙafarsa takan saki, yatsu su dubi ƙasa, jijiyar ta takure. Takun farko yana fizgar ta gaba ɗaya, da nauyin jiki duka a kanta. Haka kuma yake faruwa in an daɗe zaune, a kan tabarma ko cikin motar Yamai, aka tashi farat ɗaya.

ABUBUWAN DA KE KAWO SHI

1. Ƙaruwar aiki farat ɗaya. Mutum ya yi watanni yana zaune da rani, damina ta faɗi, sai ya shiga noman hauyar tsaye daga safe zuwa la'asar. Jijiyar ba ta saba ba.

2. Doguwar tsayuwa a kan ƙasa mai tauri. Mai daka a bakin turmi, mai jan ruwa, mahauci, mai tebur a kasuwa, malamin makaranta da ke yini tsaye a kan siminti.

3. Kaya mai nauyi. Bidon ruwa na lita 25 kilo 25 ne. Damin hatsi, da itace, da goyo, duk a kan diddige suke ƙarewa. Masu lambun dankalin turawa a Bonkuku, da ke yini suna kai da kawowa da ruwan ban-ruwa, su ma su kula.

4. Nauyin jiki. Mai ƙiba da mace mai ciki suna ɗora wa jijiyar kaya ko ba su ɗauki kome ba.

5. Irin ƙasar da ake takawa. Fako da tsakuwar tudu suna dukan diddige. Zurfin rairayi na cikin Dallol Boso kuma yana sa diddige ya nutse, jijiyar ta miƙe fiye da kima.

6. Takalmin da ya mutu. Takalmin soso da ya cinye ya zama kamar ganye ba ya tare kome.

7. Ɗaurewar agara. Agara ita ce babbar jijiyar bayan ƙafa, wadda ta haɗa tsokar sha-raɓa da ƙashin diddige. In sha-raɓa ta ɗaure, agara tana jan diddige ta baya, tsirkiyar ƙafa tana jan sa ta ƙasa.

8. Ƙirar ƙafa. Mai shimfiɗaɗɗen tafin ƙafa da mai tafin ƙafa mai zurfin lanƙwasa sun fi sauran mutane kamuwa.

YADDA AKE GANE SHI

Alamu huɗu ne. Na farko, ciwon yana ƙarƙashin diddige, ya fi karkata wajen ciki, wato ɓangaren babban yatsa. Na biyu, ya fi tsanani a takun farko da safe ko bayan dogon zama. Na uku, yana lafawa in an ɗan yi tafiya, ya dawo in aiki ya yi yawa. Na huɗu, in ka danna wurin da babban yatsan hannu za ka sami daidai inda zafin yake, kuma yana ƙaruwa in ka ja yatsun ƙafar sama. Yawanci ƙafa ɗaya yake kamawa, amma yakan kama biyu.

Kafin a ce shi ne, a wanke ƙafa da sabulu, a duba ta da kyau cikin haske. Ƙayar aduwa ko ta tsidau da ta karye cikin nama tana barin ɗigo, kuma wurin yakan yi ruwa. Faso a fata yake, ido yana ganin sa, maganinsa wanki da shafa mai da sa takalmi. Ciwon da muke magana a kai yana can ciki, fata kuwa lafiyarta lau.

Saboda ido ba ya ganin kome, wasu sukan ce an ɗauki sawunsu, ko sun taka wani abu da aka binne. Daga nan sai akuya ta tafi, kuɗi su tafi, ciwo yana nan. Ciwon nan yana kama sojoji da ƴan gudu da masu aikin masana'anta a kowace ƙasa ta duniya, kuma alamunsa iri ɗaya ne ko'ina. Gajiyar jijiya ce.

Wani lokaci in an ɗauki hoton ƙashi a asibiti, akan ga wani ɗan tsiro a ƙashin diddige mai kama da ƙaya. Kada wannan ya tsorata kowa. Mutane da yawa suna da wannan tsiro ba su taɓa jin ciwo ba, wasu kuma suna da ciwon ba su da tsiron. Ana warkewa tsiron yana nan inda yake, ba sai an cire shi ba.

MAGANI NA FARKO: MIƘA JIJIYA KAFIN TAKUN FARKO

Wannan shi ne uban magani. Namiji da mace duk haka za su yi.

1. Da ka farka, kada ka taka ƙasa tukuna. Ka zauna a bakin shimfiɗa.

2. Ka ɗora ƙafar da ke ciwo a kan gwiwar ɗaya ƙafar.

3. Ka kama gindin yatsun duka da hannu, ka ja su baya wajen ƙwauri, sannu a hankali, har ka ji tafin ƙafar ya miƙe.

4. Da ɗaya hannun ka shafa jijiyar, ka tabbata ta miƙe kamar tsirkiya.

5. Ka riƙe haka, ka ƙirga daga 1 zuwa 10, sa'an nan ka saki.

6. Ka yi haka sau 10.

A yi wannan sau 3 kowace rana: da asuba, da rana, da dare. A kuma yi shi duk lokacin da za a tashi bayan dogon zama.

An gwada wannan hanya. A shekarar 2003, likitoci a garin Rocesta na ƙasar Amurka sun ba da labarin gwajin da suka yi da mutum 101 waɗanda suka yi wata 10 ko fiye suna fama da ciwon. Suka raba su kashi biyu. Kashi ɗaya suna jan yatsu kamar yadda muka bayyana, ɗaya kashin suna miƙa agara kaɗai. Bayan mako 8, masu jan yatsu sun fi samun sauƙin zafin takun farko.

MAGANI NA BIYU: SASSAUTA SHA-RAƁA DA AGARA

A zaune: ka miƙe ƙafa a kan tabarma. Ka zarga rawani, ko ɗankwali, ko zane a ƙarƙashin yatsu, ka riƙe bakinsa biyu. Ka ja wajenka, gwiwa a miƙe, har ka ji bayan ƙafar ya ja. Ka ƙirga zuwa 30. Ka yi sau 3. Shi ma yana da kyau a yi shi da asuba kafin a taka ƙasa.

A tsaye: ka fuskanci bango ko gindin itace, ka dafa da hannu biyu. Ka mai da ƙafar da ke ciwo baya, ɗaya a gaba. Diddigen baya ya zauna a ƙasa, gwiwar baya a miƙe, yatsu suna duban bango. Ka lanƙwasa gwiwar gaba, ka matsa jikinka gaba har ka ji sha-raɓa ta ja. Ka ƙirga zuwa 30, ka huta, ka yi sau 3. Manomi yana iya yin wannan a gindin gawo ko aduwa kafin ya kama hauya, da kuma in ya tashi daga shan fura.

A ji ja, kada a ji suka. In zafi mai tsanani ya zo, an wuce kima, sai a sassauta.

MAGANI NA UKU: MURZAWA DA SANYAYAWA

Ka zauna a kan kujera ko turmi. Ka sa kwalba, ko guntun taɓarya, a ƙarƙashin tafin ƙafa. Ka riƙa murza ta gaba da baya, daga diddige zuwa yatsu, na minti 5. Kada ka danna da ƙarfin da zai sa ka cije baki.

Inda ake samun ƙanƙara, kamar cikin garin Filinge, a naɗe ta cikin tsumma a ɗora a diddige na minti 15 bayan aikin yini. Kada a ɗora ƙanƙara a kan fata kai tsaye. Inda babu, a tsoma ƙafa cikin ruwan randa mai sanyi. Sanyi yana kwantar da zafi na ɗan lokaci. Miƙa jijiya da rage mata kaya su ne ke kawo warkewa.

MAGANI NA HUƊU: ƘARA WA ƘAFA ƘARFI

In zafin ya fara lafawa, sai a shiga ƙarfafa jijiyar, don ta iya ɗaukar aikin damina.

1. Ka sami dakali, ko bulo mai ƙwari wanda ba ya motsi, kusa da bango.

2. Ka naɗe tsumma, ka ajiye a kai, ka ɗora yatsunka a kan tsumman yadda za su tashi sama. Gaban ƙafa yana kan dakali, diddige yana lilo a waje.

3. Ka dafa bango. Ka yi ɗage sannu, kana ƙirga 1, 2, 3.

4. Ka tsaya a sama, ka ƙirga 1, 2.

5. Ka sauko sannu, kana ƙirga 1, 2, 3.

6. Ka yi sau 12, ka huta, ka sake, har zagaye 3.

Ana yin wannan yau, a huta gobe, a yi jibi. A fara da ƙafa biyu. In ƙarfi ya samu, a koma ƙafa ɗaya. A shekarar 2014 an ba da labarin gwajin wannan hanya da mutum 48 a ƙasar Danmak. Bayan wata 3, masu yin ɗage sun fi masu miƙa jijiya kaɗai samun sauƙi. Bayan shekara guda kashi biyun sun yi daidai. Ke nan ɗagen yana gaggauta sauƙi. Tsoho ko mai jiri kada ya hau dakali, ya yi nasa a ƙasa yana dafe da bango.

TAKALMI

Mai ciwon diddige kada ya yi tafiya ba takalmi, ko da a tsakar gida ne. Ya ajiye takalminsa a bakin shimfiɗa, takun farko ya kasance a cikinsa.

Takalmin da ya dace shi ne mai kaurin ƙasa, mai taushi a wurin diddige, wanda bayansa ya ɗan fi gabansa tudu, kuma yana da maɗauri a baya ko ya zama sau-ciki. Ga yadda ake gwada shi a kasuwa: ka kama shi da hannu biyu ka lanƙwasa. In ya lanƙwashe a wurin yatsu, ya yi. In ya naɗe a tsakiya kamar tabarma, ka ajiye shi.

Takalmin taya yana tare ƙaya kuma yana daɗewa, amma yana da tauri. A kai wa baduku ya liƙa masa soso mai kaurin yatsa ɗaya a wurin diddige. A yi wa ƙafa biyun, don kada tafiya ta karkace. In soson ya mutu a sake wani. A manyan kantunan magani na Yamai akan sami matashin diddige na roba mai taushi da ake sawa cikin sau-ciki. Kuɗin takalmi mai kyau bai kai asarar kwana uku na shuka ba.

RAGE WA ƘAFA KAYA

Ba a ce a kwanta ba. Kwanciya tana sa jijiya ta ƙara ɗaurewa. Abin da ake so shi ne a rage abin da ke tsananta ciwon, na makonni kaɗan.

Mai zuwa gona mai nisa ya hau jaki ko amalanke in akwai. Manomi ya raba aikinsa, ya riƙa zama kaɗan bayan kowane awa, ya ja yatsu kafin ya tashi. Wajen shuka, mai ciwon ya karɓi sungumi, yaro ya bi da iri, ko kuwa ya rufe rami da lafiyayyar ƙafar. Makiyayi ya bar wa matasa kora mai nisa.

Uwargida, ki raba ruwan gida biyu maimakon ɗaukar babban bido gaba ɗaya. In kina daka, ki sa takalmi, ko ki tsaya a kan buhu da aka ninka. Wanke-wanke da tsintar wake da gyaran ganye ki yi su a zaune. Maigida, in ka ga iyalinka tana ɗingishi da asuba, ka sa yara su karɓi rijiya da itace, ko ka ba da amalanke. Ciwon da aka tausaya wa da wuri ya fi saurin tafiya.

Mai ƙiba ya yi ƙoƙarin rage nauyi, ya rage sukari a shayi da yawan mai. Kowane kilo da ya sauka, diddige ya huta da shi a kowane taku.

ƘWAYOYI DA ALLURA

Ƙwaya tana rage zafi, ba ta ɗinke jijiya. Babban mutum yana iya shan farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya 1 ko 2, a bar awa 6 tsakani, kada a wuce ƙwaya 6 a kwana ɗaya sai da izinin likita. Ibuforofen kuma bayan cin abinci ake shan sa, na kwanaki kaɗan. Mai gyambon ciki, da mai ciwon ƙoda, da mace mai ciki kada su sha shi. Mai hawan jini ya tambayi likita tukuna. Shan irin wannan ƙwaya cikin zafin rana, ga gumi ga ƙishirwa, yana iya taɓa ƙoda.

A guji ƙwayoyin masu talla da ke yini cikin rana, waɗanda ba a san sunansu ko ƙarfinsu ba. A guji taramol. Yana rufe zafi, mutum ya yi ta aiki a kan jijiyar da ke sassaɓewa, kuma yana kama mutum har ya kasa bari.

Akwai allurar kotizon da likita ke yi a diddige in ciwon ya ƙi ji. Sauƙinta na makonni ne. In aka yawaita ta, tana iya tsinka jijiyar, ko ta narkar da kitsen da ke ƙarƙashin diddige, wanda shi ne matashin da aka halicce mu da shi. Saboda haka likita kaɗai ke yin ta. Kada a yarda mai allurar kasuwa ya soki diddige.

ABUBUWAN DA BA A YI

Kada a yi sakiya. Kada a yi tsaga, kada a kafa ƙaho a diddige. Kada a tona da allura ko aska ana neman ƙayar da babu ita. Kada a taka dutse mai zafi ko garwashi. Babu mugun jini ko ruwa a wurin da za a fitar. Tafin ƙafa kullum cikin ƙasa da taki yake, rauni a nan yana saurin rurucewa, kuma ta nan ciwon tetanos mai sandarar da jiki ke shiga. Mutum ya tashi da ciwon da zai warke da kansa, ya koma da gyambon da zai hana shi noma shekara guda.

YAUSHE ZA A JE LIKITA?

A tafi ba tare da jinkiri ba in an ga ɗaya daga cikin waɗannan:

1. Diddige ya kumbura, ya yi zafi in an taɓa, ko akwai zazzaɓi.

2. Akwai rauni, ko ruwa, ko an taka ƙusa ko ƙaya.

3. Ƙafa ta mutu ba ta jin taɓi, ko tana zugi kamar wuta da dare.

4. Mai ciwon yana da ciwon sukari. A gare shi kowane ciwon ƙafa babba ne.

5. An ji wani abu ya tsinke farat ɗaya, ko an faɗo daga itace ko amalanke, aka kasa taka ƙafar.

6. Ciwon yana ƙaruwa in an matse ƙashin diddige ta gefe biyu. Wannan yana iya zama tsagewar ƙashi.

7. Diddige biyu suna ciwo tare da ciwon baya ko kumburin gaɓoɓi, musamman ga saurayi.

8. Mai ciwon yaro ne. Ciwon diddigen yara masu shekara 8 zuwa 14 yawanci daga girman ƙashi yake, kulawarsa dabam ce.

9. An yi wata guda ana bin wannan darasi, babu ko ɗan sauƙi.

A fara da ɗakin shan magani na ƙauye ko gidan likita na CSI mafi kusa, kamar na Shikal, ko Bonkuku, ko Damana. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura mutum asibitin gunduma a Filinge. Daga can, in akwai bukata, a tura shi Yamai, tafiyar kusan kilomita 180, inda ake samun likitocin ƙashi da masu aikin motsa gaɓoɓi. Su ne ke ɗaure tafin ƙafa da filasta, ko su ba da abin da ke riƙe ƙafa a miƙe lokacin barci. Tiyata sai ga mutane ƙalilan, bayan an yi shekara ana magani bai yi ba. In za a je, a faɗa wa likita lokacin da ciwon ya fara, da lokacin da ya fi zafi, da duk ƙwayar da aka sha.

HAƘURI DA LOKACI

Jijiya ba ta da yawan jini kamar tsoka, shi ya sa take jinkirin warkewa. Wasu suna jin sauƙi cikin mako 6 zuwa 8. Wasu sai sun yi wata 6, wasu shekara. Kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada kwana 4, a ce ba ya aiki, a bari. Kuskure na biyu shi ne a daina ranar da zafi ya tafi. A ci gaba da miƙa jijiya ko bayan an warke, don ciwon yakan dawo. Sannu ba ta hana zuwa.

Ga dabarar gane ko ana ci gaba. Kowace Juma'a da asuba, ka auna zafin takun farko, ka ba shi lamba daga 0 zuwa 10, ka rubuta cikin littafinka na karatu. In lambar tana sauka daga wata zuwa wata, kana kan hanya. In za ka je likita ka tafi da littafin.

Lokacin da ya fi dacewa a yi jinyar diddige shi ne bayan an gama kai hatsi rumbu, har zuwa bazara. Wanda ya fara da kaka yana da wata 6 ko 7 kafin ruwan shuka. Wanda ba shi da ciwon ma, in ya ga bazara ta kama, ya fara miƙa agara, ya riƙa ƙara tafiya kaɗan kaɗan lokacin sharar gona, ya gyara takalminsa tun hadari bai taso ba. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya karanta wannan darasi ya karanta wa wanda bai iya ba tukuna, ya kuma nuna masa yadda ake jan yatsu da hannunsa. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka.

TAMBAYOYI DON MASU KARATU

1. Daga ina jijiyar tafin ƙafa ta taso, ina kuma ta ƙare?

2. Me ya sa ciwon ya fi zafi a takun farko da asuba?

3. Sau nawa ake jan yatsu a zama ɗaya, kuma sau nawa a rana?

4. Yaya ake gwada takalmi a kasuwa?

5. Kawo dalili biyu da suka sa ba a yin sakiya ko tsaga a diddige.

6. Rubuta alamu uku da ke nuna a tafi likita nan da nan.

7. Gonar wani manomi tana da nisan kilomita 3 daga gida. In yana yin taku 1300 a kilomita 1, taku nawa yake yi zuwa da dawowa?